Tattabara a Kan Cibiya

Ranar Alhamis ɗin da aka kawo gwal ɗin baikon 'yata Rihab, a ranar na ga tana sosa tafin hannunta da bakin cokali.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya yi ihu. Na san masu karanta irin wannan shafi sun fi son a fara musu da saurayi mai dogon hanci da mota mai sanyi. Sai ku yi haƙuri da tsohon malamin tarihi wanda matarsa ta mutu, ba shi da abokin hira sai littattafai da wayar da 'yarsa ta gaji da ita. Saurayin yana nan tafe. Hancinsa ma ba laifi.

Sunana Sabri. A ƙauyenmu da ke gefen Mansura, Ustaz Sabri ake ce mini, ko Abu Rihab, tunda ita kaɗai Allah Ya ba mu ni da marigayiya Afaf.

A ranar, Sabah, ƙanwar Afaf, ita ce uwar gida. Tun safe ta yaye ledar da Afaf ta lulluɓe kujerun falo da ita tun ranar da aka saye su, ta soya tattabaru cushe da shinkafa, ta kaɗa miyar lalo da tafarnuwa har maƙwabta suka san muna da baƙi. Rihab ta fito cikin doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da mayafi mai sheƙi, an shafe mata fuska da hoda kamar za a yi wa bango fenti.

Tamir, manemin, injiniya ne a wata masaƙa a Tanta. Ya zo cikin kwat a wannan zafi, gumi na bin bayan kunnensa, yana kallon Rihab yana kallon takalminsa. Ban ƙi shi ba. Uwarsa, Hajja Bahiya, ta cika kujera guda da rabi, awarwaron hannunta na ƙara duk sanda ta miƙa hannu faranti.

"Amarya ba ta ci komai ba," in ji ta.

"Kunya ce, ya Hajja," Sabah ta yi caraf. "'Yan matan yanzu, sai su zauna da yunwa don rigar biki ta shige su."

"Mu a gidanmu mace mai ci muke so. Ungo cinyar nan, 'yata."

Rihab ta karɓa. Na ga yadda ta kawar da hanci daga ƙamshin man, na ga ta haɗiye yawu sau biyu. Ta ajiye naman a gefen faranti, ta sauke hannunta ƙarƙashin tebur, ta ɗauki cokali. Daga inda nake zaune ina ganin hannun. Tana kankare tafin a hankali, murmushinta bai motsa ba.

Na taɓa ganin wannan cokali yana wannan aiki, a wani hannun.

"Af, ya Ustaz," Hajja ta juyo gare ni tana suɗe yatsa, "me ma ya yi ajalin marigayiya?"

"Zuciya," in ji Sabah kafin in buɗe baki. "Faɗuwa ɗaya ta yi, Allah Ya ɗauki abarsa."

Aka yi mata addu'a. Aka buɗe jan akwatin gwal, Tamir ya zura wa Rihab awarwaro, mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na ce Allah Ya sa albarka. Ban ji komai ba. Kamar dai ina karanta labarin wani gida a jarida.

Afaf ba faɗuwa ɗaya ta yi ba. Shekaru ta kwashe tana mutuwa, kaɗan-kaɗan, a gabana.

A garinmu ba a kiran cutar da sunanta. Likita zai ce firus, wato ƙwayar cuta, ya ƙara da harafin Si. Mutane kuwa sai su ce hantar wane ta ɗan gaji, ko su ce "abin nan", su kalli ƙasa. Kusan kowane layi akwai gidan da abin nan ya ɗauki mutum, amma duk gidan da ya yarda aka faɗa a fili, 'yan matansa sun shiga uku.

Muna yara, duk wanda ya yi wanka a rafin ban-ruwa sai ya kwashi tsargiya. Masu allura su zo makaranta, a jera mu, sirinjin gilashi ya bi hannu bayan hannu, a tsoma shi cikin ruwan zafi in an tuna. An kashe tsutsar, an bar mana wani abu a madadinta. Ni da Afaf layi ɗaya muka bi, ajinta yana bayan namu. Ni na fita fes. Na karanta tashi da faɗuwar dauloli da yawa, har yau ban ci karo da dalilin hakan ba.

Da gajiya ta fara. Sai ta zauna a tsakiyar shara tana haki, mu ce aiki ne, wace mace ce ba ta gajiya? Ta daina son abu mai maiƙo, muka ce girma ne. Ƙaiƙayi ya zo, ba ƙurji ba komai, tafin hannu da tafin ƙafa, muka canza sabulu. Ta ce mini fitsarinta ya koma kamar shayin da aka manta a wuta, na ce ta ƙara shan ruwa. In ta ɗan bugi ƙofa sai jini ya kwanta shuɗi a wurin har mako. Burushinta kullum ja. Kowace alama mun sama mata suna mai daɗin ji, har ranar da farin idonta ya koma ruwan ƙwai, cikinta ya tashi, wata mata a kasuwa ta rungume ta tana yi mata murnar juna biyu bayan dogon jira.

A wancan zamani magani ɗaya ne, wata allura mai kayar da ƙato. Likita ya duba hoton hantarta ya ce ta wuce nan, ba za ta iya ɗauka ba. Ya ce ana ta bincike a ƙasashen waje, wataƙila nan gaba.

Wannan "nan gaba" Afaf ta riƙe. Ba ta yi nisa a karatu ba, ni ne mai jarida. Kowace safiya in na dawo da ita da burodi mai zafi, tana zaune a kujerarta gefen taga, ƙafafunta a kumbure kan matashi, sai ta jira in buɗe in juya shafi biyu.

"Ya Ustaz, an samo?"

"Tukuna."

"To, zuba mini shayi. Kada ka cika sukari."

Kullum haka. Ba ta taɓa fasawa ba, ni ma ban taɓa canza amsa ba.

Washegarin baiko na tarar da Rihab a kicin, ta ɗora kai kan tebur, wayarta na haske a gefe. Idona ya faɗa kan saƙon, ba leƙe na yi ba, yaron manyan baƙaƙe yake rubutawa.

*Barka da asuba, sarauniyar Mansura da kewaye. Hajja ta ce kin yi mata, saura ki ƙara ƙiba.*

"Tashi ki zo bakin taga," na ce.

"Baba, barci nake ji."

"Kin yi barci tun bayan isha'i. Zo."

Ta zo tana jan silifa. Babu hoda yanzu. Na ja fatar idonta ƙasa da yatsa. Ba ruwan ƙwai ba ne tukuna. Amma kuma ba fari ba ne.

"Tun yaushe kike wannan susar?"

"Sabulu ne."

"Mun riga mun yi amfani da sabulu a gidan nan. Nemo wani."

Ta janye fuskarta. A shekarun ƙarshe ita ke yi wa uwarta allurai a gida, kuma na tuna ranar da allura ta soke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba da aikinta. Bayan sadakar arba'in na ce ta je a gwada jininta. Ta fita, ta dawo, ta ce lafiya lau.

"Gwajin nan da kika yi," na ce, "ina takardar?"

Butar shayi ta fara tafasa.

"Ban yi ba. Na kai bakin ƙofa na juyo."

"To yau sai ki shige."

"Bayan biki."

"Bikin sai bayan babbar salla."

"Na sani, Baba, ai ni ce amaryar." Muryarta ba ta tashi ba. "Ka manta ɗan gidan mai kantin magani? Ka manta malamin nan na sakandare? Kowannensu ya sha shayi a falon nan, ya je ya yi tambaya a gari, bai dawo ba. Tamir ya zo ne don shi baƙo ne, bai san mu ba. In na je wurin nan, kafin in dawo gida wata ta gan ni a layi, kafin la'asar labari ya isa Tanta."

"Yanzu akwai magani."

"Akwai maganin Hajja Bahiya?"

Wannan kam ban karanta shi a ko'ina ba.

Wayar ta sake haske. *Kin yi shiru. Ko har kin fara jan aji?* Ta ɗauka ta rubuta masa wani abu da 'yan zukata jajaye, hannu ɗaya na rubutu, ɗayan na goga tafinsa a gefen tebur.

Ashe ta kira Sabah. Da azahar sai ga ta, mayafi a karkace, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ya Abu Rihab, ka ji tsoron Allah. Yarinya ta samu miji da ƙyar, za ka kai ta layin masu ciwon hanta kowa ya gani?"

"Zan kai ta inda za a duba jininta."

"Jininta lafiya lau! Ido ne. Jiya matan nan sun ga gwal, wa ya san abin da ke ransu? Kai dai littattafan nan sun cinye maka kai. Ka bar mini, a cikin gida za a gama komai, ba mai ji ba mai gani."

Na san abin da take nufi da cikin gida. Na ce mata kada ta soma. Ta ce to. Sabah ta iya cewa to.

Ranar Asabar na dawo daga sayen jarida na tarar da kwandon kaba a bakin ƙofa, ana gurnani a ciki. Na tsaya ina kallonsa. Ko gabana bai faɗi ba. Na cire takalmi, na jera su, na shiga.

A ɗakin Afaf suke, a kan gadonta. Rihab na kwance rigingine, an lulluɓe ta da farin zane mai ƙaramar huda daidai cibiya. Na gane zanen, da shi aka lulluɓe Afaf lokacin da aka yi mata irin wannan. Ashe Sabah ta wanke shi ta adana duk shekarun nan. A gefen gado Amm Shahata ne durƙushe, wato Baffa Shahata, mai hasumiyar tattabaru ta bayan gari, ya ƙara tsufa, haƙoransa sun ragu, hannuwansa dai suna nan yadda na san su, manya kamar faranti.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba: ana kawo tattabara mai rai, mace ga mace, namiji ga namiji, a fige gashin ƙarƙashinta, a danna ta kan cibiyar majinyaci. Wai tana zuƙe cutar. In ta zuƙa ta ƙoshi sai ta mutu. A kawo wata.

Na zauna a kujerar da na zauna wancan karon. Tsuntsuwar fara ce mai ɗigon toka a wuya. Yatsun Shahata sun zagaye ƙirjinta gaba ɗaya. Ta buɗe baki, ta rufe, ta buɗe. Idonta ya lumshe. Kanta ya langaɓe kan zanen.

"Allahu Akbar, ta shanye!" Sabah ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa, tafinta a baki don kada maƙwabta su ji. "Ka gani da idonka, ya Ustaz? Ka ga dafin da ke jikin yarinyar?"

"Da sauranta," in ji Shahata, ya jefa gawar cikin buhu. "Sai an yi ta yi har ranar da tattabara ta ƙi mutuwa. Ranar nan jiki ya wanku."

"Ya Shahata," na ce, "akwai wadda ta taɓa ƙin mutuwa a hannun nan naka?"

"Haba ya Ustaz! A kan marigayiya ma ai ta ƙarshen ta rayu. A gabanka na sake ta ta tashi. Kai shaida ne."

"Ni shaida ne. Ta rayu. Tana nan kan rufin gidan nan, ta yi 'ya'ya ta yi jikoki, kullum suna ɓata mini shanya. Afaf ce dai ba ta rayu ba."

Shahata ya sa hannu cikin kwando yana lalubo ta biyu.

Rihab na kallon silin. Ita ce ta riƙe kan uwarta a ranar da aka saki waccan tattabarar, ita ta raba wa maƙwabta alawa don murnar an warke. Ita ce kuma ta riƙe kwano, wata biyu bayan nan, da asubar da jini ya ɓalle wa Afaf ta baki.

Ta ture zanen, ta tashi zaune, ta gyara rigarta.

Ta dubi ƙanwar uwarta. "Khalti, sallami Amm Shahata."

"Rihab! 'Yar nan, ki yi wa kanki faɗa. Aurenki fa!"

"Na ji. Baba, tashi mu je wurin gwajin."

Sabah ta bi mu har ƙofa tana kuka, tana cewa na kashe wa marainiya aure, 'yar'uwarta ba za ta yafe mini ba. Na ce mata in ta tashi tafiya ta ɗauki zanenta.

Layin cibiyar hanta ya kai bakin titi. Manoma cikin jallabiya, mata da ledojin takardu, kowa na kallon ƙasa don kada ya ga wanda ya sani. Mun ga waɗanda muka sani. Matar mai gidan burodi ta kalli Rihab, ta kalli awarwaron, ta ce ita rakiya ta yo. Rihab ta ce ita kuwa jininta ta zo a gwada.

Da sakamako ya fito muka koma. Likitar yarinya ce, ba ta fi Rihab ba, da tabarau da alamar ba ta karya kumallo ba.

"Kina da ita," ta ce. "Hantar ta taɓu, amma ba ta lalace ba. Kin yi sa'a jikinki ya yi magana, yawancin masu ita ba su jin komai sai ta yi nisa. Ƙwaya za ki riƙa sha kullum, wata uku, sannan mu sake gwadawa. Kusan kowa yana warkewa."

"Wata uku," na ce.

"Wata uku, ya Hajj."

"Ƙwaya. Ta haɗiya da ruwa."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ga dai tsoho ne mai maimaita magana. Na san da maganin, na karanta. Amma ban taɓa jin an faɗe shi da baki a ɗakin likita ba, cikin muryar da ake faɗin kuɗin mota.

Rihab ta tambayi batun aure. Likitar ta ce ba a ɗauka a kwanon abinci ko kofin shayi, tsakanin miji da mata ma da wuya, ta dai ware rezarta da burushinta da abin yanke farce. Ta ce in angon yana so ya zo ta yi masa bayani da kanta.

A motar dawowa Rihab ta shimfiɗa takardar kan cinyarta ta ɗauki hotonta. Ina gefenta, na ga abin da ta rubuta.

*Ga sakamakon jinina. Mamana ba zuciya ce ta kashe ta ba. Likita ta ce wata uku. Ka nuna wa Hajja, ko ni in kira ta.*

Babu jajayen zukata. Ta tura. Alamar ta koma shuɗiya nan take. A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, har muka wuce gada. Ya sake tsayawa.

Har muka sauka bai turo komai ba.

Da muka shiga gida ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin jan akwatinsu, ta ajiye kan ɗan teburin da ke bakin ƙofa, don in an aiko karɓa kada ɗan aike ya sha wahalar shigowa. Ta ɗumama wake, ta ci rabin burodi, ta kwanta. Wayar tana kife kusa da akwatin. Yau kwana biyu ke nan, akwatin yana nan, ba a aiko ba, ba a kuma kira ba. Kada ku tambaye ni abin da yaron zai yi. Ni tarihi na koyar, sai abu ya wuce nake saninsa.

Ɗazu da safe ta haɗiyi ƙwayar farko a tsaye gaban taga, da ruwan famfo, ta yamutsa fuska ta ce ba ta da ɗanɗano. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Na karɓi kwalbar na juya ta a hannuna. Tattabarun rufi suna ta gurnani.

Ba mu cika shekara da binne Afaf ba labarin maganin ya fito. Ina tuna safiyar. Na dawo da burodi, na zauna, na juya shafi biyu, sai ga shi da manyan baƙaƙe, har da hoton kwalbar. Na karanta har ƙasa. Na ɗago kai, na juya wajen taga, bakina a buɗe. Matashin ƙafarta yana nan inda ta bar shi.

Na rufe bakin, na ninke jaridar, na zuba shayi kofi ɗaya.

An samo, Afaf.